Tabarma ɗaya, bargo ɗaya

Autan Bilbis:
Salamu alaikum ƴan zaure. Daren jiya ɗari ya hana ni barci a nan unguwar Lazare ta Yamai, sai ɗakinmu na Tawa ya yi ta dawo mini, wanda muka kwana a ciki ni da yayana daga 1986 har ya tafi Abijan a 1994. Kafin kiran assalatu na rubuta waɗannan. Duk wanda ya taɓa raba shimfiɗa da ɗan'uwansa ya ɗora nasa.

Da sunan Allah za ni tuna ɗakinmu,
Ginin ƙasa ne a Bilbis, tsakiyar Tawa.

Tabarma ɗaya, bargo ɗaya mu biyu,
In ɗari ya sauko ba wurin gujewa.

Yaya wajen ƙofa, ni jikin bango,
Iskar hunturu shi take fara bugawa.

Fitilar ƙwai ɗaya, kaye biyu a buɗe,
Kananzir na dala biyar ba ya daɗewa.

In mujiya ta yi kuka na firgita,
Shi ke jan gatana har in sami natsuwa.

Ran da zai tafi Abijan bai tashe ni ba,
Na farka ga bargo, babu mai janyewa.

Shekara talatin ina riƙe da wannan,
Yaya, sallamar ce ta gagari furtawa?

Yau ina da katifa, ga sange sabo,
Amma barcin nan na Bilbis ya ƙi dawowa.

Ɗan Maraɗi:
Auta, ka ɓoye mana rabin zance,
Wa ke shanya tabarma da garin wayewa?

Yayanka na ƙofa ba don iska ba ne,
Ambaliya yake tsoro, yana shirin tserewa.

Autan Bilbis:
Ɗan Maraɗi ka san ciniki, ba ka san ɗaki ba,
Ƙanenka ma hayar bargo yake biya da dala.

In ya juya sau biyu ka ƙara masa farashi,
In ya yi munshari tara ce, ka ji wahala.

Wanda ya auna barcin ƙaninsa da tiya,
Ina zai gane kewa, balle ya yi mata sallah?

Hajiyar Wadata:
Allah ya ja zamaninka Auta! Ka kai shi ƙasa tun bai gama ɗaura laya ba. Ba a ja da Ba'adare a fagen magana.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, in zancen kai mutum ƙasa ake, ki tambayi manyanki. Kokowar ƙasa ta farko a Tawa aka yi ta, 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin a gaban idonku.

Mun zo garinku mun ɗauke takobi,
Kun bi mu da kallo har bakin tasha.

Yanzu kun koma kokowa da bargo,
Shi ma ƙanen ne ke kuka, ya sha kasha.

Hajiyar Wadata:
"Ya sha kasha" kuma wace Hausa ce? Neman amsa-amo ya sa ka karya kalma. Karɓi:

Takobi ya je Maraɗi, mun ji mun gani,
Amma ƙasar da aka ɗaga shi ta Adar ce.

Baƙo ya ci tuwo ya tafi da akushi,
Ya manta wadda ta tuƙa masa ko wace ce.

Ƴar Fakawa:
Ku bari in sa nawa kafin ku kai mu filin kokowa gaba ɗaya. Fakawa da Bilbis maƙwabta ne, Auta, ɗarin da ya dake ku shi ya dake mu. Ni da yayata mace:

Ni da Yaya gadon kara guda munka raba,
Kitsonta na ƙamshin man shanu, ban manta ba.

Da dare ta raɗa min sunan wanda taka so,
Ta sa na rantse, har yau ban hwaɗa ma kowa ba.

Ƙahwahuna in sun yi sanyi ita ka murzawa,
Tana ta hwaɗa, amma ba ta taɓa ƙi ba.

Ran da anka sa ta lalle ni ka riƙe ƙwarya,
Ina ta guɗa, ban san gadon za shi min yawa ba.

Motar Ƙonni ta tashi bayan la'asar,
Na koma ɗakin Inna, daren ban runtsa ba.

Wanda ta raɗa mini sunansa ba shi aka ba ta ba. Ta yi zamanta lafiya, ɗiya shida yanzu, amma ni kaɗai na san wancan sunan.

Malam Mai Awo:
Ku yi mini afuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Auta, waƙarka ta farko ta tashi da ɗango mai gaɓa 12: "Da sunan Allah za ni tuna ɗakinmu". Da ka fusata sai ga "Ƙanenka ma hayar bargo yake biya da dala", gaɓa 15. Sannan amsa-amonka "wa" ne, Ɗan Maraɗi ya bi ka a kansa yadda ladabin musaya ya tanada, kai kuma ka tsallake zuwa "la". Mai gida ba ya sauya ƙofa bayan baƙi sun shigo. "Sallah" ma ba ta zauna daram da "dala" ba.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya ƙara basira Malam! Alƙali ya hura usur, Adar ta faɗi.

Hajiyar Wadata:
Wane alƙali? Malam bai ga "kasha" ba sai "sallah"? Kai ma ai ka bar "wa" ka koma "sha", bai ce uffan ba. A faɗa mana garin su Malam tukuna.

Mushe Mai Ritaya:
Malam, da girmanka, ƙirgan gaɓa ɗaya-ɗaya awon waƙar Faransanci ne, irin wanda muka koyar a lakol. Rubutacciyar waƙar Hausa nauyi take bi. Akwai gaɓa mai nauyi, irin "bar" da "go" na bargo, akwai marar nauyi irin "ɗa" na ɗaya. A karin Kamil ma guda mai nauyi tana shiga gurbin biyu marasa nauyi, yawan gaɓa ya sauya, kari bai karye ba. Don haka 12 da 15 su kaɗai ba hujja ba ne. Maganar amsa-amo dai kana da gaskiya.

Malam Mai Awo:
To Mushe, ɗora mini ɗangon nan a kan Kamil ɗin, ko Mutadarik, ko Rajaz, mu ga wanda zai hau.

Mushe ka aje alli, alli bai aje ka ba,
Kana ta gyaran gyara, ɗalibin bai wuce ba.

Mushe Mai Ritaya:
Ban ce ya hau ba. Na ce ma'aunin da ka ɗauko ba nasa ba ne.

Malam ka zo auna hatsi da igiyar guga,
Ka ce buhu ya gaza, laifin ba na buhu ba.

Mai Gurumi:
Ni na ɗauko gurumi na rera baitocin Auta duka, har na fushin, sun hau. Inda ɗango ya yi tsawo sai harshe ya ƙara sauri, haka makaɗa suke yi tun kafin kowannenmu ya riƙe alƙalami. Ku masu bahar-bahar kullum sai kun mai da zaure makaranta.

Malam Mai Awo:
Abin da aka rera daban, abin da aka rubuta daban. Nan rubutu muke yi.

Mai Gurumi:
Rubutun da ba a iya rerawa wasiƙa ce.

Yaron Bukoki:
Ni haifaffen Yamai ne, ban iya awo ba, a bar ni in faɗi nawa haka nan.

Mu bakwai ne a ɗakin haya guda a Bukoki,
Ƙafar wani a bakin wani, ba mai cewa komi.

Watan Afrilu zafi ya kore mu tsakar gida,
Kowa da tabarmarsa, sauro na ta bin jini.

In hadari ya taso tsakar dare sai gudu,
Babban yayanmu ya ɗauki ƙaramin yana barci a kafaɗa ya shige da shi.

Ɗan Maraɗi:
Yaro, ɗangonka na ƙarshe ya fi Gadar Kennedy tsawo. Malam, zo da igiyarka.

Ƴar Fakawa:
Ku ƙyale yaron, shi kaɗai ya tuna abin da ya tara mu. Tun shekaranjiya na zuba abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, babu wanda ya ce mini ko sannu, kuna can kuna ƙirgan gaɓa. Auta ya yi tambaya a baiti na bakwai, ita ma ba wanda ya waiwaye ta.

Hajiyar Wadata:
Gaskiyarki ƙanwata, ki yafe mu. Baitinki na lalle na karanta sau uku. Ni ce yayar da aka ɗauke a gidanmu, ban taɓa tambayar ƙanwata yadda ta kwana a daren ba. Jiya na kira ta.

Mushe Mai Ritaya:
Baiwar Allah, naki ne mafi tsari a duk abin da aka zuba nan, kuma "ba" ɗinki bai yi gezau ba daga farko har ƙarshe. Malam, ko ba haka ba?

(bayan kwana tara)

Na Ajame:
Salamu alaikum. Ni na yayan Auta. Wani ɗan garinmu da muke kasuwa tare nan Ajame, cikin Abijan, ya nuna min wanga zance, ɗiyata ta shigar da ni. Ban iya waƙa kamar ku ba, amma tambaya tawa ce.

Auta, saƙonka ya iske ni Ajame,
Ɗiyata na karantawa, hawaye na zubowa.

Wa ya ce maka ban tashe ka ba, Auta?
Sau ukku na taɓa ka, asuba na gabatowa.

Na ce "Auta za ni", ka buɗe ido guda,
Ka ce "Yaya ja ƙyaure, ɗari na shigowa."

Na ja maka ƙyauren, na ɗau ƙunshina,
Har bakin tasha ina ta waiwayowa.

Bargon na bar ma don hanyata kudu ta,
Can zuhwa aka yi, kai ad da ɗarin Tawa.

Ba don daɗi na tahi ba. Janairun 1994 anka karya sefa, tamman Faransa guda ta tashi daga 50 ta koma 100, kaya sunka hau, ga ƙarhin Baba ya hwara ja baya. Samarin unguwarmu rabi sun riga ni tahiya. Ta Yamai da Wagadugu munka bi har Abijan, kuma duk hanya maganar nan taka ta ƙyaure nika ji.

Ɗan Maraɗi, yaron shekara shida gare shi sadda anka kawo min shi daga ɗakin Inna. Tabarmar ni ka shanya ta kahin gari shi waye don kada abokansa su gani, kuma ban taɓa hwaɗa ma kowa ba sai da ka tono. Kwanan ƙohwa kuwa, iska na ciki, amma in hwaɗi gaskiya ta nan nika sulalewa in tahi kallon tele in ya yi barci.

Auta, Inna ta ce damanar 2024 ta karya azara biyu na ɗakin, tun sannan awaki ka kwana ciki. Na tara wani abu. Ana ba ni shawara a rushe a yi na siminti da kwano. Mi ka gani?

Autan Bilbis:
Yaya, wallahi ban tuna ba. Shekara talatin ina jin haushin abin da ni na yi barci a kansa. Ka yafe mini.

Kada a sa kwano, zafi zai hana Inna shiga da rana. A sayi azara a mayar da rufin ƙasa yadda yake, rabin kuɗin a kaina. Ƙyauren ma a bar shi. Zan kira ka bayan isha'i, ka riƙe wayar kusa.