Abin da damo da guza ke ci: taƙaitaccen bayanin hirar majalisa a Argungu

Ƙorafin wani mai kiwon kaji ne ya tayar da zancen: ƙwai na ɓacewa a akurkinsa, ya ɗora wa damo laifi. Masunta suka ce a'a, aikin guza ne. Shi ke zama bakin gulbi, yana cin kifi, kwaɗi, ƙaguwa da 'yan tsaki, har ƙwan kada yakan tona ya sha. Shawararsu ga wanda gidansa ke kusa da fadama ita ce ya ɗaga akurki daga ƙasa, ya toshe ramuka, ya daina zubar da hanjin kifi a bayan gida.

Damo kuwa, sarkin haƙuri, abincinsa ƙadandoniya ne da dodon koɗi, gyare da kunama. Da damina yake cika ciki ya tara kitse, rani na shigowa sai ya shige rami ya yi watanni kusan ba ci. Wani dattijo ya ce wanda ya kama shi ya tsare a gida yana ba shi tuwo, wahalar da shi kawai yake yi. Na yarda da Baba a nan.

Masu lambu suka roƙi a hana yara harbin ƙadangare da danƙo, tunda tururuwa, gara da fara yake kalata, ranar da shinge ya fito kuwa sallarsa ce. Feshin maganin ƙwari barkatai na rage masa abinci.

Kan tsaka aka yi gardama, wasu na cewa tana da dafi. Ba ta da dafi, ƙwarin da ke taruwa a jikin fitila take farauta. A dai riƙa rufe kwanon abinci saboda kashinta.