Shin akwai filash ko katin memori da ke kulle bayanansa da kansa?

Barista, Garki:
Assalamu alaikum. A ofishin lauyoyi nake aiki a nan Abuja, kuma takardun waɗanda muke karewa kullum suna yawo tsakanin ofis da kotu a cikin filash da katin memori. Tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, hankalina ya ƙi kwanciya, domin abu ne ɗan mitsitsi da zai iya faɗuwa a cikin tasi. Akwai wanda ke kulle kansa ba tare da manhajar kwamfuta ba?

Mai gyaran kwamfuta, Wuse:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ɓangaren filash akwai su, irin IronKey na Kingston da datAshur na iStorage. Wasunsu suna da maɓallan lamba a jikinsu, sai kin danna lambar sirri kafin kwamfuta ta ga abin da ke ciki, kuma na'urar ce da kanta take hargitsa bayanan da tsarin ɓoye bayanai na AES 256, mabuɗin warware su ba ya fita waje. Idan aka yi kuskuren lambar sau 10 a jere, sai ta goge mabuɗin, komai ya tafi har abada, saboda haka wajibi ne ki ajiye kwafi a wani amintaccen wuri. Katin memori kuwa, ɗan makullin da ke gefensa rubutu kawai yake hanawa, ba karatu ba.

Injiniya, Gwarinpa:
Ina da ƙari, ranki ya daɗe. Kada rubutun jikin kwali ya ishe ki hujja. A 2018 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna cewa ana iya buɗe wasu ma'ajiyan bayanai na Samsung da Crucial masu kulle kansu ba tare da kalmar sirri ba, har daga baya Microsoft ya sa BitLocker, manhajarsa ta kulle bayanai a Windows, ya daina dogara da kullen na'ura kai tsaye. A ganina, ki nemi mai shaidar ingancin tsaro ta FIPS 140-2 ko 140-3, ki duba lambar shaidar a shafin hukumar NIST ta Amurka kafin ki biya kuɗi.

Malamar makaranta, Kubwa:
Game da katin, wayoyin Android da yawa suna iya kulle shi, amma mabuɗin yana zama ne a cikin wayar. Idan ta lalace ko aka yi mata wankin gaba ɗaya, katin ba zai karantu a ko'ina ba. Don aikin kotu, 'yar'uwa, gara ki kwashe takardun daga kati ki mayar da su filash mai lamba.