Ranar 14 ga Fabrairu a tarihin Amurka: me ya tabbata a cikinta?

Tela a Jidda:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka fi ni sanin tarihi. Ɗana da ke ajin ƙarshe na sakandare ya zo da aikin makaranta a kan ganawar Sarkin Saudiyya Abdul'aziz da shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wadda aka yi ranar 14 ga Fabrairu 1945. Da muka zauna a shago bayan sallar isha'i, sai ya nuna mini a wayarsa dogon jerin abubuwan da aka ce sun auku a Amurka a wannan rana, haɗe da sunayen waɗanda aka haifa a cikinta. Ni ɗinki na iya, ban yi nisa a boko ba, amma ba na son yaro ya kwashi abin da bai tabbata ba ya kai gaban malaminsa. Wanne ne sahihi? Kuma akwai wata alaƙa tsakanin abubuwan nan, ko kalanda ce kawai ta haɗa su?

Malami a Madina:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka. Ganawar tabbatacciya ce, kuma daga garinku aka tashi. Wani jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Murphy ne ya ɗauki Sarki daga Jidda tare da ayarin mutum kusan hamsin, aka kafa masa tanti a saman jirgin, aka shimfiɗa dardumai, aka shigar da tumakin da za a yanka a hanya. Bayan kwana biyu suka isa babban tafkin da ke tsakiyar mashigin Suwez a Masar, inda Roosevelt, wanda ke kan hanyar komawa gida daga taron Yalta, wanda ya yi da shugabannin Birtaniya da Tarayyar Soviet gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yake jiransu a cikin jirgin Quincy. Kanar William Eddy, wakilin Amurka a Jidda, wanda aka haifa a Labanan kuma ya ji Larabci sosai, shi ya yi musu tafinta.

Mafi nauyin zancensu a kan Falasɗinu ne. Roosevelt ya kawo batun Yahudawan Turai da suka tsira daga kisan 'yan Nazi, Sarki kuwa ya amsa da cewa wanda ya yi zaluncin shi ya kamata ya biya, wato a ba su wuri a Jamus. Ranar 5 ga Afrilu Roosevelt ya aiko da wasiƙa yana jaddada alkawarin cewa ba za a yanke hukunci kan Falasɗinu ba sai an tuntuɓi Larabawa da Yahudawa, ranar 12 ga watan kuma ya mutu. Ya bai wa Sarki keken guragu irin nasa da jirgin sama ƙirar DC-3, wanda da shi kamfanin jiragen saman Saudiyya ya fara aiki.

Abu ɗaya nake so yaron ya kiyaye. Mutane da yawa suna cewa a ranar aka sa hannu kan yarjejeniyar ba da mai a karɓi tsaro, alhali ba a sa hannu kan wata rubutacciyar yarjejeniya a jirgin ba. Kamfanin Amurka ya samu izinin haƙar mai tun 1933, aka kuma dace da man a rijiya ta bakwai a Dammam a 1938, shekara bakwai kafin shugabannin su ga juna.

Hajiya daga Shara Mansur, Makka:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ni a kan masu haihuwa zan yi magana, domin na tabbata a jerin nan za ku ga sunan Frederick Douglass, baƙar fatar da aka haifa cikin bauta a jihar Maryland, ya gudu a 1838, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaƙi da bauta da baki da alƙalami. Shi kansa bai san ranar haihuwarsa ba, saboda ba a gaya wa bawa shekarunsa, kuma wannan rashin ya dame shi har tsufansa. Shi ya zaɓi 14 ga Fabrairu da kansa. Sai bayan mutuwarsa a 1895 masu bincike suka gano a littafin lissafin ubangidansa cewa a watan Fabrairun 1818 aka haife shi, amma ba a rubuta ranar ba.

Da na fara karanta labarinsa, mahaifiyata na tuna, Allah ya ji ƙanta. A hanya aka haife ta, lokacin da kakanninmu suke tafiyar ƙasa zuwa Hajji suna yada zango suna noma a Sudan. Idan aka tambaye ta shekarunta, sai ta ce an haife ta da kaka, ana yankan dawa. A takardunta an rubuta 1/7, wato ɗaya ga Rajab, kamar yadda aka yi wa ɗimbin mutanen ƙasar nan da ba a san ranar haihuwarsu ba, danginmu na garin Mai Wurno da ke Sudan kuwa 1/1 aka ba su. Bambancin shi ne su ma'aikaci ne ya zaɓa musu, shi kuwa Douglass ya ƙi yarda ya zauna ba rana, ya zaɓa wa kansa. Zaɓin bai tashi a banza ba: a 1926 masanin tarihi Carter Woodson ya keɓe mako na biyu na Fabrairu don tarihin baƙar fata, saboda ya ƙunshi ranar Douglass da ta tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln, 12 ga wata, kuma shi ne makon da ya zama wata guda a yau. Saboda haka, Alhaji, yaron ya rubuta "ranar da ya zaɓa", kada ya rubuta "ranar da aka haife shi".

Ɗalibin injiniya a Zahran:

Baba, ga waɗanda na bincika na tabbatar. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 lauyan Alexander Graham Bell ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙirar tarho a Washington, a ranar kuma Elisha Gray ya kai tasa takardar kan irin wannan na'ura. Bell aka bai wa haƙƙin ranar 7 ga Maris, kuma har yau ana gardamar wanda ya riga wani. Jihohi biyu sun shiga tarayyar Amurka a wannan rana: Oregon a 1859 ta zama ta 33, Arizona a 1912 ta zama ta 48.

A ranar da Oregon ta shiga aka haifi George Ferris, injiniyan da ya gina ƙaton lilon ƙarfe mai juyawa sama a bikin baje kolin Chicago na 1893, mai ɗakuna 36, kowanne yana cin mutum 60. Irinsa ne yara ke hawa a wuraren wasa na bakin tekun Jidda. Christopher Sholes, wanda ya tsara jerin haruffan tafireta da muke amfani da shi a kwamfuta, shi ma ranar aka haife shi a 1819.

Game da tambayarka ta biyu, a ganina babu alaƙa. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka da za a juya waɗannan ranaku zuwa lissafin Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, da sun watse cikin watanni daban-daban. Iyakacin alaƙar da na gani ita ce wadda Hajiya ta faɗa, domin ita mutane ne suka ƙulla ta da niyya.

Tela a Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaron ya goge maganar yarjejeniyar mai daga takardarsa, kuma ya ce zai tambayi malaminsa ko zai yarda ya ƙara sakin layi a kan Douglass. Hajiya, nima 1/7 ne a katin mahaifina. Gobe Juma'a idan na je gaishe shi zan tafi da jikansa, mu tambaye shi abin da kakata ta gaya masa game da lokacin da ta haife shi, mu rubuta tun yana raye.