Wane gam zan sa wa ƙaramin jirgina? Yoyo ya ishe ni

Baban Amira: Salam 'yan uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, jikinsa faiba ne. Ruwa na shiga ta gindin ƙarafan ɗaure igiya da ke sama, da gefen tagogin roba, sai kuma bututun da ya huda ƙasan jirgin wanda kullum cikin ruwa yake. Gam ɗaya zai yi duka ukun? Kuma don Allah wanda zan iya kwancewa nan gaba nake so.

Ɗan Gaske: Sa 3M 5200 ka huta.

Mai Gyara: Ɗan Gaske ka ma karanta tambayar kuwa? 5200 ai auren zobe ne, babu saki. An yi shi ne don haɗin da ba a sake rabawa, kamar inda saman jirgi ya haɗu da gangar jiki, kuma sai ya yi kwana 7 kafin ya kama sosai. Baban Amira, aiki uku ne da kai ba ɗaya ba. Bututun ƙasa ka sa gam ɗin Sikaflex 291 ko 3M 4200. Ƙarafan sama kuwa tunda noti ne ke riƙe su ba gam ba, tef ɗin butil, wato wata roba mai danƙo, ya wadatar, baya bushewa har abada, amma kar ka kai shi ƙarƙashin ruwa.

Tsohon Matuƙi: Ni dai duk abin da za ka sa, ka guji silikon ɗin banɗaki. Wanda ya sayar mini da jirgina haka ya bi kowane noti ya lafta masa ta waje bai ma kwance ba, ga shi fes a ido, ashe ruwa na bi ta ƙasa yana shiga katakon balsa da ke tsakiyar faiba, sai da na ji daɓen na lotsawa in na taka, muka yanka muka tarar katakon ya ruɓe baƙi ƙirin kana ɗiba da hannu. Kuma abin haushin duk inda silikon ya taɓa fenti baya kamawa, sabon gam ma baya kamawa, na kankare na goge har hannuna ya yi kanta. Da na kira wanda ya sayar mini wai shi ma haka ya saya. Allah ya isa kawai.

Ummu Sadik: Subhanallah, sannu Baba. Ya kuka gyara daga baya?

Tsohon Matuƙi: Sauya katakon muka yi 'yata. Yanzu kowane rami sai na faɗaɗa shi, in cika da ifoksi, gam ɗin nan mai tauri sosai, ya bushe in sake hudawa, ko ruwa ya shiga ba zai tarar da katako ba. Har gobe in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake.

Na Gefe: Ni silikon na sa wa akwatin kifina na gilas kuma ko ɗigo babu.

Ɗan Gaske: Akwatin kifi na hawa igiyar ruwa ne? 😂 To ka ce ya sa cingam mana

Mai Gyara: Ku bar dariya, a kan taga yana da ɗan gaskiya. Gam ɗin polisalfaid yana cin robar taga, akirilik ko polikabonet, tsattsagewa take. Akwai silikon na musamman irin Dow 795 da ake sa mata, ko gam ɗin Sikaflex 295 UV, shi ba silikon ba ne amma don ita aka yi shi. Silikon ɗin da ke warin binega ne ba a so, yana cin ƙarfe.

Ɗan Gaske: Yallaɓai kai fa jirgin inji kake gyarawa, me ka sani a kan ƙarfen da igiya ke fizga dare da rana

Mai Gyara: Ruwan da ke shiga naka daban yake da wanda ke shiga nawa? Kai da ka ce ya manne komai da 5200, ranar kwancewa da fatar faiba zai taso.

Ummu Sadik: Butil ɗin dai ya fi araha nesa ba kusa ba, naɗi ɗaya ya gama mana jirgi har da saura.

Na Gefe: Anti ni da na tambaya kusan kuɗinsu ɗaya da tiyub ɗin gam. Sai dai in na motoci kika saya, shi kuwa an ce yana dalala in rana ta yi zafi.

Baban Amira: Na gode. To tagar da me zan goge ta kafin in sa?

Tsohon Matuƙi: Maganar kuɗi ma, ni abin da ke ci mini rai tiyub ɗin ne. Ka buɗe ka yi aikin noti huɗu, ka dawo ka tarar ya daskare tun daga baki, don danshin iska ne ke busar da shi. Rabin kuɗinka a bola.

Ummu Sadik: Wallahi Baba! Mu wanda aka sayar mana ma tun kafin a buɗe ya yi tauri, muka duba kwanan watan ya wuce, mai kayan ya ƙi karɓa. Yanzu sai na matsa jikinsa kafin in biya.

Ɗan Gaske: Ku naɗe bakin da leda ku sa a firiza

Na Gefe: Ya yi maka aiki ko ji ka yi?

Baban Amira: Jama'a tagar fa? Sinadarin gogewa na asiton zan sa ko zai lalata robar?