Neman shawara: in sare itatuwan junifa da ke filina ko in bar su?

Baban Yusra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Shekara uku ke nan da muka sayi fili eka 18 a bayan garin Prineville, jihar Oregon ta Amurka. Kuɗin haya a birnin Bend ne ya kore mu, ga yara uku, ga uwargida ta ce ta gaji da hawa bene, har sai da wanta ya ranta mana muka cika kuɗin, kuma har yau ban gama biyansa ba. Abin da ya ja ni filin itatuwan ne, junifa kore shar ko da sanyi ko da zafi. To tun gobarar dajin 2024, da ta ci kusan eka miliyan 1.9 a jihar nan, maƙwabcina, wani dattijo mai kiwon shanu, ya sa ni gaba wai in sare su. Kamfanin inshora ma ya aiko takarda. Ni kuwa hannuna ya ƙi. Me kuka gani?

Kawu na Boise: Wa alaikumus salam. Sare su, ɗana. Na yi shekaru ina wannan aikin a kudancin Idaho. Filinka asalinsa ba daji ba ne, fili ne na ciyawa da ƙananan tsirran sejbirosh. Da can wuta kan bi ta ƙone ƙananan junifa. Daga wajen 1870 aka cika wurin da dabbobi suka cinye ciyawar da wuta ke bi, daga baya kuma aka shiga kashe kowace wuta, sai itacen ya samu sake. Yana shan ruwan ƙasa har da lokacin sanyi, ƙarƙashinsa ya zama fako. Kazar dajin nan, sej-giraus, da itace ya rufe kashi 4 cikin 100 na fili take barin wurin, don shaho da hankaka sun samu wurin sauka.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. Mu a gida manomi na lallaɓa ɗan tsiron gawo a gonarsa kamar jariri, ku a nan kuna neman zarto. Baban Yusra, kada ka taɓa ko reshe. Inuwa ba ta da farashi.

Kawu na Boise: Gawo na zubar da ganye da damina ya ba gero taki. Junifa me yake ba ƙasa? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma nan ba Maraɗi ba ce.

Maman Khalil: Ni dai maganar inshorar nan ce ta taɓa ni. Mun share komai ƙafa 100 kewaye da gida, mun ɗauki hotuna mun aika, duk da haka suka ƙi sabunta mana. Wata biyu ina buga waya ana ce min in jira. Har mai gidan ya fara cewa mu koma Kano kawai.

Baban Yusra: Allah ya kyauta, Maman Khalil. Kawu, na ji, amma ni ban taɓa ganin kazar nan a filina ba. Barewa kuwa kullum suna fakewa a ƙarƙashin itatuwan in dusar ƙanƙara ta sauko.

Kawu na Boise: Ai shi ya sa ba ka gan ta ba!

Yaya Hajara: Kawu, a yi a hankali. Ba ka tambaye shi shekarun itatuwan ba. Masu faffaɗan kai da murɗaɗɗen jiki, waɗanda ke kan duwatsu, wasu sun haura shekara ɗari da yawa, ba a sare su. Masu tsinin kai su ne sababbin shigowa. Sannan in ciyawar citgiras ta riga ta shiga filin, kana sarewa za ta mamaye, ta bushe tun farkon bazara, ita kuwa kamar fetur take. Ƙanena, akwai gangare? Me ke ƙasa yanzu? Je ofishin NRCS na yankinku, wato hukumar kula da albarkatun ƙasa ta ma'aikatar gona ta Amurka, tun 2010 suke da shirin tallafa wa masu filaye kan wannan aikin, ko da yake ba kowa ke samu ba.

Kawu na Boise: Takardunsu sai ka tsufa. Sayi zarto mai inji, ka fara da ƙanana, ka tara rassan, ka ƙone su da sanyi bayan ka karɓi izini. Kada dai ka bar su a zube kusa da gida, busasshen reshe ya fi tsayayyen itace haɗari.

Baban Yusra: Ni da ake cewa in guji wuta, kuma ni zan kunna ta da hannuna? Ina ganin rassan ƙasa kawai zan datse a na kusa da gida. Yusra ma ta ɗaura lilo a ɗaya.

Yaya Hajara: Ba ka amsa maganar gangaren ba.

Maman Khalil: Wane kamfani ne naku? In irin namu ne, datse rassa ba zai ishe su ba.

Baban Yusra: Zan duba takardar in na dawo daga aiki.