Waƙar gwagwarmaya ta mutu ne, ko mai ciyar da mawaƙi ne ya canza?

Malamin Hausa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma ina neman ra'ayin waɗanda suka fi ni sani a kan alaƙar fasaha da siyasar neman sauyi. Tun daga kafuwar jam'iyyar talakawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waƙa tana cikin manyan makaman magoya bayanta, 'yan Sawaba. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi wa sarakuna kashedi da alƙalaminsa, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka ɗauki aƙidar jam'iyyar suka zuba ta a baiti, kuma shi kansa Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo masu sukar zaluncin masu mulki. A yau mawaƙa sun fi na da yawa, kusan kowace unguwa da situdiyonta, waya tana hannun kowa, amma akasarin waƙar siyasar da ke tashe yabon ɗan takara ce da zambo ga abokin hamayyarsa. Ko a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, wadda ta kai ga kafa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, ban ji wata waƙa guda da jama'a suka haɗu a kanta ba. Shin mawaƙan ne suka lalace, ko tsoro ne ya rufe musu baki, ko akwai wani dalili da ban hango ba?

Dattijon Kakuri:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, na kuma daɗe a cikin ƙungiyar ƙwadago, saboda haka daga wannan ɓangaren zan ba ka amsa.

Da farko dai kada mu ɗauka cewa mutanen da mala'iku ne. Yabon mai mulki don neman abin sawa a baki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, makaɗan fada sun riga jam'iyyu zuwa, kuma ita ma NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin, tana da nata mawaƙan da ke mayar wa 'yan NEPU martani baiti da baiti. Abin da ya bambanta mawaƙin NEPU shi ne ɗan jam'iyya ne mai kati, ba ɗan haya ba. Idan 'yan doka suka tarwatsa lacca, har da shi ake kamawa, kuma alƙalin da zai ɗaure sakataren reshe shi ne zai ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan wannan tafiya, kuma mawaƙan sun san irin ladan da ke jiransu ke nan. Sannan waƙar tana da ƙafafun da ke yawo da ita: a rubuta ta da ajami ko da boko, a haddace ta, a rera ta kafin mai jawabi ya hau teburi, tela ya ɗauka, ɗan koli ya tafi da ita kasuwar ƙauye. Abin da take faɗa kuma abu ne da mutum zai iya taɓawa da hannu, wato haraji da jangali da aikin tilas da kotun da talaka ba ya cin shari'a a cikinta. Da PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano da ta gaji NEPU, ta ci gwamnan Kaduna da na Kano a 1979, Alhaji Balarabe Musa da Alhaji Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali, sai talaka ya ga abin da aka shekara talatin ana rera masa ya tabbata. Majalisar dokokin Kaduna da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981, amma wannan wani zance ne.

Yanzu bari in gaya maka abin da na gani da idona. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan. Idan jiniya ta yi kuka masu aikin safe suka fito, titi cika yake da kekuna har mai mota ya rasa hanya. Ranar albashi za ka tarar da mai kukuma ko mai gurmi zaune kusa da masu sayar da abinci a bakin ƙofa, yana waƙar kuɗin haya da bashin mai kanti da shugaban sashe mai yanke wa mutane awa, ma'aikata suna dariya suna jefa masa kwabbai. Wannan mawaƙi ba ya bukatar ɗan siyasa, domin dubban leburori ne iyayen gidansa. Masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Taron da ke ciyar da mawaƙi da kwabo-kwabo ya watse, jam'iyyar da ke da rassa a unguwanni ta zama ta masu jakar kuɗi, to wa ya rage da zai biya kuɗin situdiyo? A ganina ba mawaƙan ne suka fara lalacewa ba, ƙungiyoyin da ke riƙe da su ne suka fara rushewa.

'Yar Samaru:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na gamsu da yawancin bayaninka, amma ina da ja a kan ɗaure fasaha a jikin jam'iyya, ko da kuwa ta talakawa ce. Lokacin da PRP ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, bakin da ke sukar azzalumai ya juya kan 'yan'uwan tafiya, kuma zambon da aka yi wa juna bai fi na yau tsafta ba. Mawaƙin jam'iyya yana da 'yancin faɗin gaskiya a kan kowa ban da jam'iyyarsa.

Na karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka gwada wata hanya dabam tun shekarun 1970, zamanin da Michael Etherton yake koyarwa a can. Maimakon a rubuta wasa a ofis a kai wa manoma, sai ɗalibai su tafi garuruwa irin su Soba da Maska da Ɓomo, su zauna da mutane a majalisa da bakin rijiya, su saurari abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, sannan a ƙulla labarin tare da su. A fili ake yin wasan, babu dandamali, kuma idan aka zo daidai inda manomi ya je karɓar taki aka ce masa ya ƙare alhali ga buhuna ana loda wa dillali, sai a tsayar da wasan a tambayi 'yan kallo abin da ya kamata ya yi. Wani ya ce ya kai ƙara wurin dagaci, wani ya ce ai dagacin da dillalin bakinsu ɗaya, sai a ce wa mai maganar ya shigo fili ya gwada tasa dabarar. A nan ba a koya wa mutum taken da zai maimaita ba, an ba shi damar yin gardama da mai iko a bainar jama'a, ko da a cikin wasa ne. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tashe da wasan gauta sun daɗe suna ba yara da matan fada damar kwaikwayon manya a gaban idonsu.

Sai dai hanyar tana da rauni, kuma raunin yana ƙarfafa maganarka ta wani gefe. Ɗalibai suna komawa Samaru su rubuta jarrabawa, manomin da ya buɗe baki kuwa yana nan tare da hakiminsa. Daga baya ƙungiyoyin ba da tallafi suka karɓi salon don wayar da kai kan rigakafi da tsafta da cutar ƙanjamau, abubuwa masu amfani ƙwarai, amma an riga an yanke saƙon tun kafin a shiga mota, kuma tambayar wane ne ya karkatar da takin ta fita daga cikin wasan.

Mai Zane, Barnawa:

Ni da buroshi da fenti nake ci, kuma ina so a tuna cewa ba da baki kaɗai ake tawaye ba. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ƙi yarda a ce zanen Turawa kaɗai ne zane, suka koma ga salon gargajiyar garuruwansu suka haɗa shi da abin da aka koya musu. Shi kuma mawaƙi Fela Kuti, da sojoji suka ƙona masa gida a Legas a 1977, ya iya ci gaba da faɗin abin da yake so ne saboda yana da gidan rawarsa da masu sayen faifansa.

Game da tsoro da Malam ya ambata, akwai shi, amma a Kaduna ba tsoron hukuma kaɗai ba ne. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 da na 2011, gari ya rabu, Musulmi da Kirista kowa ya koma gefen kogin Kaduna da yake ganin nasa ne. Na taɓa zana mace ɗauke da jarka a gaban famfon da ba ya kawo ruwa, a jikin katangar wani shago, kuma tambayar farko da aka yi mini ita ce me ya sa ta sa gyale, ko me ya sa ba ta sa hijabi ba, gwargwadon wanda ke tambayar. Babu wanda ya yi maganar famfon. Mai shagon ya roƙe ni in shafe, na shafe. A masaƙar da Baba yake magana, Bahaushe da Bajju da Tibi da Nufawa layi ɗaya suke bi su karɓi albashi, don haka waƙar kuɗin haya ta kowa ce. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017 ya tara mutane daga ɓangarorin biyu, na kuma yaba masa, amma da tallafin gwamnatin jiha aka yi shi, kuma baƙo ba ya kushe miyar mai gida yana cikin ci.

Malamin Hausa, Tudun Wada:

Na gode muku ƙwarai. Yaya 'Yar Samaru, ina da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗaliban aji biyar, kuma ina sha'awar gwada salon tsayar da wasa a tambayi 'yan kallo. Shin zai yiwu a makaranta ba tare da an ce ina cusa wa yara siyasa ba?

'Yar Samaru:

Zai yiwu, Malam, idan yaran ne suka zaɓi matsalar da kansu daga abin da suke gani kullum, kamar layin ruwa da asuba ko kuɗin mota zuwa makaranta, kuma idan ba a sa wa kowane ɗan wasa sunan mutum ko alamar jam'iyya ba. Ka sanar da shugaban makaranta tun kafin a fara gwaji, ka gayyaci iyaye da mai unguwa su zauna cikin 'yan kallo, domin su ne za a tambaya idan an tsayar da wasan. Kafin nan, ka kai yaran Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, su ga takardun zamanin, kuma idan Baba na Kakuri zai amince, ka roƙe shi ya zo ya rera musu abin da ya haddace a bakin ƙofar masaƙa, ka ɗauka a waya, domin irin waɗannan waƙoƙin ba kasafai aka rubuta su ba.