Wai gwamnatin Amurka da kanta ke bai wa marasa takarda lambar aiki?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya a majalisarmu ta Bolari wani ya rantse cewa a Amurka ko bizarka ta ƙare, gwamnati da hannunta za ta ba ka lamba ka kama aiki. Wai fom kawai za ka cike, ka haɗa da fasfo, lamba ta same ka har gida. Mun yi ta musu har aka kira isha'i. Ni dai na yarda, don yayansa na can.

Hamma Direba: Ƙarya tsagwaronta. Ƙasar da ke kamo mutane tana loda su a jirgi ita ce za ta raba musu lamba? Ka taɓa ganin mai gadi ya ara wa ɓarawo tocila? Auta, ka rage zaman majalisar nan.

Adda Akanta: Wa alaikumus salam. Kowannenku rabin gaskiya ya riƙe. Lambobin biyu ne, mutane ke cakuɗa su. Akwai SSN, ta asusun fansho na gwamnati, wadda ake bayarwa tun 1936. Ita kamfani ke tambaya kafin ya saka ka cikin masu albashi, kuma a ƙa'ida ta ɗan ƙasa ce da baƙon da aka ba izinin aiki. Ɗayar ita ce ITIN, wadda hukumar harajinsu, IRS, ta fito da ita a 1996. Ita ma alƙaluma tara ce, amma kullum da 9 take farawa. Fom ɗin da kuka yi musu a kansa W-7 ne, ana haɗa shi da fasfo da takardar harajin shekara, kuma rashin izinin zama ba ya hana a ba ka. Sai dai ta biyan haraji ce kawai. Ba ta halatta maka aiki, ba ta ba ka zama.

Auta: To Adda, wanda ba ya aiki harajin me zai biya? Ai ba a tatsar karsana. Tunda suka ba ka lambar biya, sun yarda kana samu ke nan. Izini ne a fakaice.

Adda Akanta: Sanin kana samu daban, yarje maka daban. Mai karɓar haraji ba ruwansa da ƙofar da ka shigo, kasonsa yake nema. Batun aiki kuwa yana hannun shige da fice. Tun dokar da Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1986, duk wanda zai ɗauke ka aiki sai kun cike fom I-9, ka nuna takardun da ke tabbatar da kai waye da kuma izininka. ITIN ba ta cikin takardun da ake karɓa. Wasu kamfanonin ma sai sun buga bayananka a E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aiki ta kwamfuta, sun gani.

Hamma Direba: To na janye kalmar ƙarya, amma ban janye sauran ba. Miliyoyin da ke can ba takarda, ta ina suke bi?

Adda Nas: Bari in ba ku wanda na sani da kunnena. Wata da muka yi makarantar jinya tare ta tafi da bizar ziyara ta zauna. Aikin kula da tsofaffi take yi, na dare. Da sunan wata mata 'yar ƙasarmu mai takarda take aiki, lambar matar, katin matar. Ɗan allon da ke maƙale a ƙirjinta ma sunan matar ne. Ta ce makon farko sai a kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, har shugabar sashen ta tambaye ta ko tana da matsalar kunne. Albashi asusun matar yake faɗawa, ta cire kasonta, ta miƙo mata saura. Ranar da bayanta ya riƙe wajen ɗaga wani tsoho daga gado, ba ta iya kai ƙorafi ba, don in aka buɗe fayil sunan wa za a rubuta? Man zafi ta shafa ta koma aiki washegari.

Adda Akanta: Wannan hanya ɗaya ke nan, aron lamba. Wasu katin jabu suke saye da lambar da aka ƙirƙira. Wasu a hannu ake biyan su, ba rubutu. Masu sana'ar kansu, irin masu fenti da gyaran gida da kitso, su ne suka fi amfani da ITIN. Akwai kuma masu SSN ta gaskiya: ɗalibin da ya samu tasa lokacin da bizarsa ke da rai, lambar tasa ce har mutuwa, amma a jikin katin an rubuta cewa ba ta aiki sai da izinin hukuma. Mai neman mafaka yana iya samun katin aiki bayan kwana 180 da shigar da buƙatarsa. Sai waɗanda aka kawo suna yara, da shirin DACA na Obama ya rufa wa asiri a 2012.

Ustaz: Ni abin da ya tsaya mini shi ne na ƙawar Adda. Kullum ta sa hannu da sunan da ba nata ba, ta yi ƙarya. In kuma lambar ta wanda bai sani ba ce, an cuce shi, don shi hukuma za ta bi da harajin kuɗin da bai gani ba. Ina albarkar wannan nema?

Adda Nas: Ustaz, da girmanka, ban ce daidai ta yi ba. Amma marayu uku take ciyarwa a Kumo. Ita ke goge kashin tsohon da 'ya'yansa suka kai suka ajiye. In za a fara lissafin masu laifi, a fara da mai karɓar kaso tana kwance a gado.

Ustaz: Ita ma ba ta fita ba. Larura tana da iyaka, Adda, kuma ba mu muke yanka mata iyakar ba.

Adda Akanta: Ga abin da zai ba ku mamaki. Ko da lambar jabu ce, ana cire kashi 6.2 cikin ɗari na albashi zuwa asusun fansho. In suna da lamba ba su dace ba, sai a jingine bayanin a wani kundi na daban, kuɗin kuwa ya riga ya shiga. Cibiyar binciken haraji ta ITEP ta ƙiyasta cewa a 2022 marasa takarda sun biya harajin dala biliyan 96.7, ciki har da biliyan 25.7 a asusun fanshon da ba su da ikon ci.

Hamma Direba: Yauwa! Ashe maganata ce ta fito ta wata ƙofar. Ba tocila mai gadin ya ara wa ɓarawo ba, jakarsa ya riƙe masa. A karɓi kuɗinka da dama, a nuna maka jirgi da hagu. In wannan ba munafunci ba ne, a gaya mini sunansa.

Adda Akanta: Hamma, ba su kira kowa ba. Kuma masu biyan suna da nasu lissafin: suna tara shaidar cewa sun zauna lafiya sun biya, ko wata rana za a yi afuwa irin ta 1986, wadda mutum kusan miliyan 2.7 suka samu takarda.

Hamma Direba: Shekara nawa ke nan ana jiran gawon shanu?

Bappa: Ina karanta ku tun ɗazu. Ku yara kuna magana kamar Amurka ce ta fara. Na yi shekaru a Jidda ba igama, wato takardar izinin zama. Mu takari mun san aron takarda tun ba a haifi Auta ba. Ka ji jiniya gabanka ya faɗi, ka ga mota ta tsaya ka canza titi. Har aka kama ni aka kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro, na sauka Kano da silifas da leda ɗaya. Kuma kada mu cika baki: a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, akasarinsu 'yan Ghana, har yau jakar nan da sunansu ake kiranta.

Mai POS: Allah ya ƙara girma, Bappa. Ko a nan gida ma ai haka ne. Tun da aka ce a haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, zamanin ɗan garinmu Pantami yana minista, wa ke iya motsi ba lamba? Masu shayi da 'yan ga-ruwa da suka zo daga Nijar, wasu sun fi shekara ashirin a Gombe, a shagona suke tura kuɗi gida. Doka ta ce NIN ta ɗan ƙasa ce da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Wanda bai da ita da layin maƙwabci yake amfani. Mu muna kiran wannan taimako, in a Amurka ne mu ce damfara.

Ustaz: Ara wa maƙwabci waya ya kira gida ba ɗaya ba ne da cin albashi da sunan wani.

Mai POS: Ranar da aka aikata laifi da layin, wa za a zo kamawa, Ustaz?

Auta: To ni dai abin da na fahimta, lambar tana nan, kuma ana samu. In mutum ya lallaɓa da ita yana biyan harajinsa, ai ba mai taɓa shi.

Adda Akanta: Da haka mutane suka ɗauka, don dokarsu ta hana hukumar haraji fallasa bayanan mai biya. Amma a Afrilun 2025 IRS ta sa hannu kan yarjejeniyar musayar bayanai da ICE, hukumar da ke kamen baƙi marasa takarda, har muƙaddashiyar shugabar hukumar ta ajiye aiki, magana ta kai kotu. Adireshin da ka rubuta da hannunka a fom shi ne ake nema. Sannan duk wanda ya zarce wa'adinsa da shekara ɗaya ya fita, shekara 10 ba zai sake shiga ba. Auta, wai me ya sa kake ta bin diddigin maganar nan haka?

Goggo: Ku tambaye shi dai. Shekaranjiya ya zo yana neman takardar filin babansu na Tumfure, wai zai yi hoto ya dawo da ita. Har yanzu ban gan ta ba.

Auta: Goggo, ai ba a nan za a yi wannan maganar ba.

Bappa: A nan ka kawo ta. Gobe bayan la'asar ka same ni Jekadafari, ka taho da takardar. Ka zo da lambar wayar ejan ɗin ma.